Horon ƙwarewa: Abin da iyalin sabon likita za su auna kafin zaɓen asibiti

A gidaje da dama, ranar da aka rantsar da ɗa ko 'ya a matsayin likita ake ɗauka wahala ta ƙare. An shafe shekara shida ana biyan kuɗin makaranta da na littattafai, wani uban ya sayar da fili, wata uwar ta kwashi adashi. Sai dai ga wanda ke son zama ƙwararren likitan yara, ko na tiyata, ko na mata, akwai sauran shekaru masu yawa a gaba, kuma asibitin da ya zaɓa domin samun horon ƙwarewa shi zai yanke inda zai zauna, da abin da zai samu, da irin likitan da zai zama. Shi ya sa wannan shawara takan tashi daga hannun ɗalibi ta zama zancen gida gaba ɗaya.

Matakan da ake bi

Bayan kammala jami'a, sabon likita yana yin shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, inda yake zagaya sashen cututtukan manya, da tiyata, da na yara, da na mata da haihuwa. Daga nan Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, MDCN, take ba shi cikakkiyar rajista. Sai shekarar hidimar ƙasa ta biyo baya.

Horon ƙwarewa yana ƙarƙashin kwalejoji uku. Akwai Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, NPMCN, wadda aka kafa a 1979 mai mazauni a Ijanikin ta Jihar Legas. Akwai kuma kwalejoji biyu na Afirka ta Yamma, ɗaya ta likitocin tiyata, WACS, ɗaya ta likitocin magani, WACP. Ƙofar shiga ita ce jarrabawar share fage a fannin da mutum ya zaɓa. Wanda ya ci sai ya nemi gurbi a asibitin da kwalejin ta amince da shi. Matakin farko na horon yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku, a rufe shi da jarrabawa. Mataki na biyu ma kusan haka, kuma a cikinsa ake rubuta kundin bincike. Jimilla shekara huɗu zuwa shida ke nan, wasu fannonin kamar tiyatar ƙwaƙwalwa sun fi haka, in ba a faɗi jarrabawa ba kuma yajin aiki bai ci lokaci ba.

Amincewar kwaleji ta sashe ce

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne bin sunan asibiti. Kwalejojin suna tantance kowane sashe ne shi kaɗai, su duba yawan manyan likitocin da ke koyarwa, da kayan aiki, da yawan marasa lafiya, sannan su ƙayyade adadin waɗanda sashen zai iya horarwa. Asibiti ɗaya zai iya samun cikakkiyar amincewa a sashen yara, ya zama ta wucin gadi yake da ita a wani sashen, ko ma wa'adinta ya ƙare. Likitan da ya shiga irin wannan sashe dole ya je wani gari ya cike watannin da ake bukata kafin a bar shi ya zauna jarrabawa, sau da yawa da kuɗin aljihunsa.

A Arewa akwai tsofaffin cibiyoyi irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Jos. Akwai kuma na fanni guda, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware. Babbar cibiya tana da malamai da yawa da cututtuka iri-iri, amma masu neman gurbi sun yi cincirindo, kuma ƙaramin likita zai iya daɗewa yana kallo kafin a miƙa masa wuƙa. A ƙaramar cibiya hannu yakan faɗa da wuri, sai dai aikin kwana ya fi yawa, kuma idan babban likita ɗaya ya bar sashen, horon kowa yana iya tsayawa.

Wa zai biya albashi?

Likita mai neman ƙwarewa ma'aikaci ne, ana biyan sa albashi. Amma hanyoyin shiga biyu ne. Ko dai asibitin ya ɗauke shi aiki kai tsaye, ko kuma wata hukuma, galibi gwamnatin jiha, ta tura shi tana biyan sa daga can. Hanya ta biyu ta fi sauƙin samu, amma takan zo da yarjejeniyar cewa zai dawo ya yi wa jihar aiki na wasu shekaru. Ya kamata iyali su karanta takardar nan da kyau kafin a sa hannu, su kuma tambayi waɗanda jihar ta tura a baya ko albashinsu yana zuwa a kan kari.

Dokar Horon Ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusun da ke tallafa wa likitoci wajen kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai. Likitocin asibitocin tarayya ne suka fi cin gajiyarsa, na jihohi kuwa sai jiharsu ta rungumi tsarin. Jinkirin biyan wannan kuɗi yana cikin dalilan da Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa, NARD, ke yawan kafawa idan za ta tafi yajin aiki. Saboda haka duk wanda ke lissafin cewa sabon likita zai ɗauki nauyin ƙanne da zarar ya fara horo, ya kamata ya sassauta buri. Haya, da kuɗin jarrabawa, da tafiye-tafiye zuwa inda ake zama jarrabawar suna cinye kaso mai tsoka.

Batun fita waje

Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana a 2025 cewa likitoci sama da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar zuwa bakwai. Don haka da wuya a yi wannan shawara a gida ba a ambaci Birtaniya ko Amurka ko Saudiyya ba.

Mai son Birtaniya zai ci jarrabawar Turanci, sannan PLAB kashi biyu, na biyun a birnin Manchester. Cin ta yana ba da izinin aiki ne kawai. Gurbin horon ƙwarewa wata gasa ce dabam, kuma a 2025 gwamnatin ƙasar ta sanar da aniyarta ta fifita waɗanda suka yi karatun likita a can. A Amurka ana bin jarrabawar USMLE, a samu shaidar hukumar ECFMG, sannan a shiga tsarin raba gurabe da ake fitar da sakamakonsa a watan Maris na kowace shekara. Mutum zai iya kashe dubban daloli ya fito babu gurbi. Wanda ya shiga da bizar J-1 kuma doka ta ce ya koma ƙasarsa na shekara biyu bayan horo, sai in an yi masa sassauci. Saudiyya kuwa ta fi neman waɗanda suka riga suka ƙware, don haka ta fi dacewa da wanda ya gama horonsa a gida.

Galibin waɗannan kuɗaɗe da dala ko fam ake biyan su. Ɗan kasuwar da zai cire su daga jarinsa ya kamata ya san cewa babu tabbacin dawowarsu, ya kuma ajiye iyakar abin da zai iya asara ba tare da shago ya girgiza ba.

Aure, iyaye da tsaro

Shekarun horon nan sukan faɗo daidai lokacin aure da haihuwa. Ga likita mace, tambayar wa zai riƙe jariri a daren da take aikin kwana tana da nauyi ƙwarai, kuma samun gurbi a garin da uwa ko suruka take yana iya zama abin da zai sa ta kammala. Miji ma'aikacin gwamnati ya bincika tun da wuri ko zai samu sauyin wurin aiki. Idan iyaye sun manyanta kuma likitan ne ke kula da lafiyarsu, nisan gari abin dubawa ne. Haka ma lafiyar hanyar da za a riƙa bi, da ko asibitin yana da gidajen ma'aikata a cikin harabarsa.

Fannin da za a karanta kuwa, a bar wa mai shi. Wanda aka tursasa wa tiyata saboda suna, alhali zuciyarsa tana wajen yara, shi zai tsaya a ɗakin aiki ƙarfe uku na dare, shekara da shekaru. Abin da iyali za su iya yi shi ne su taimaka da bincike: a tabbatar da amincewar sashen daga kwalejin kanta, a ji ta bakin likitoci biyu ko uku da ke horo a wurin yanzu, a tambaye su mutum nawa suka ci jarrabawar ƙarshe a 'yan shekarun nan, da kwana nawa suke aikin dare a wata. Gurabe ba su da yawa kuma ba kullum ake tallata su ba, don haka a nemi wuri fiye da ɗaya, a kuma shirya takardu tun ana cikin hidimar ƙasa.