Ɗaga motar daji da jak

Ɗaga motar daji da jak shi ne ɗaga mota mai shiga yashi da duwatsu, irin su Toyota Land Cruiser, Hilux ko Land Rover Defender, daga ƙasa domin canza taya, gyaran birki ko wani aiki a ƙarƙashinta. Aikin ya fi na ƙaramar mota haɗari, saboda irin waɗannan motoci sukan kai tan biyu ko fiye, kuma suna da tsayi, don haka nauyinsu yana sama kuma sun fi saurin karkacewa. Ƙa'idar da littattafan kamfanonin mota suka yi tarayya a kanta ita ce jak na ɗagawa ne kawai. Ba a shiga ƙarƙashin mota sai an ɗora ta a kan matokaran ƙarfe.

Ire-iren jak

Jak mai kama da kwalba yana aiki da mai, yana da ƙarfi, amma gindinsa ƙarami ne, yana iya nutsewa ko tuntsurewa. Jak mai tayoyi, wanda ake gani a gareji, ya fi zama daram, sai dai yana buƙatar daɓen siminti domin yakan ɗan gangara yayin da yake ɗagawa. Duk jak mai aiki da mai yana iya saukowa da kansa idan robar da ke tare man ta lalace, wani lokaci a hankali, wani lokaci farat ɗaya.

Akwai kuma dogon jak mai tsani da ake kira Hi-Lift, wanda kamfanin Bloomfield na jihar Indiyana a Amurka ya fara ƙerawa a 1905. Amfaninsa fitar da motar da ta kafe a yashi ko laka. Bai dace da gyara ba: motar da ke kansa tana lilo, kuma lokacin saukewa hannunsa yana iya zabura sama ya bugi mutum a haɓa ko kai.

Kafin ɗagawa

Ana ajiye motar a wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe, a kashe injin, a ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya, ko P a mota mai canza giya da kanta. Sannan a sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Idan ƙasar yashi ce, kamar a yawancin gidaje da tashoshin ƙauye, ana shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak. Ana ɗan sassauta notocin taya tun tana ƙasa, domin fizgar sufana a kan motar da ke rataye na iya zamar da ita.

Waigi ba ƙari ba ne. A tsohuwar Defender, birkin hannu yana kama farfela ne, ba tayoyi ba. Da zarar taya ɗaya ta bar ƙasa, giyar da ke raba gudu tsakanin tayoyin tana iya barin motar ta gangara duk da an ja birki. Shi ya sa ake kulle giyar tsakiya kafin a fara.

Inda ake sa jak

Littafin kowace mota yana nuna wuraren da aka tanada. A motar daji yawanci shasi ne ko aksil. Ba a sa jak a ƙarƙashin tankin mai, kaskon man inji, ko matakalar gefe. Sifirin ɗin waɗannan motoci yana miƙewa sosai, don haka idan aka ɗaga ta shasi, jikin motar zai yi sama ƙwarai kafin taya ta rabu da ƙasa, wani lokaci har jak ya ƙure. Ɗagawa ta aksil, kusa da tayar, ya fi sauƙi ga canjin taya. Aikin sifirin ne ke tilasta ɗagawa ta shasi.

Matokarai

Bayan motar ta kai tsayin da ake so, ana sa matokarai biyu a tsayi ɗaya, a sauke nauyin a kansu a hankali, sannan a girgiza motar da ƙarfi daga gefe. Idan ta motsa, a sake zama. Nauyin da aka rubuta a jikin matokari sau da yawa na guda biyu ne a haɗe, abin da masu saye kan manta. Su ma ana duba su: a 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye kimanin miliyan 1.7 daga kasuwa saboda haƙorin da ke riƙe su yana iya suɓucewa. Masu gyara da yawa kan tura tayar da aka cire ƙarƙashin shasi, domin ta tare motar idan komai ya gaza.

Bulon siminti, wanda ake yawan gani ƙarƙashin motoci a bakin hanya, yana farfashewa ba tare da wata alama ba, musamman idan ƙarfe ya danna shi a wuri guda.

Saukewa

Ana ɗaura notoci da hannu, a ɗaga motar kaɗan, a zare matokaran, a sauke ta sannu. Sai taya ta taka ƙasa ake matse notocin sosai, ana tsallakawa daga ɗaya zuwa na daura da shi, sannan a sake duba su bayan an yi 'yar tafiya.