Kujera Mai Kishingiɗa: Aikin Da Bai Fi Ƙarfin Kafintocinmu Ba

Duk wanda ya saba shiga ofisoshi a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san yadda ma'aikaci ke tashi daga kujera in azahar ta yi. Sai ya dafa tebur, ya miƙe a hankali, ya riƙe kwankwaso da hannu biyu kamar wanda ya yini yana dashen shinkafa a gonakin Bakolori, alhali kuwa tun safe bai ɗauki abin da ya fi fayil nauyi ba. Haka ɗalibai suke in sun raba dare kan benci suna karatun jarrabawa. Wasu su ce basir ne, wasu su ce sanyi ne. Ba safai akan tuhumi kujerar ba.

Ƙashin bayan ɗan Adam ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Gaɓoɓi ne a jere, da guringuntsi a tsakaninsu kamar matashi. Biyar na ƙasa, watau na daidai kwankwaso, su ne suka fi ɗaukar nauyi, kuma in mutum yana tsaye sukan ɗan lanƙwasa zuwa ciki. Da zarar ya zauna ba jingina sai ƙugu ya mirgina baya, wannan lanƙwasa ta baje, nauyi ya taru a gefe guda na guringuntsin.

A shekarun 1960 wani likitan ƙashi na ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna wannan matsi da allura a jikin mutane, ya ce zama ba jingina ya fi tsayuwa matsa guringuntsi da wajen kashi 40 cikin 100. A 1974 shi da Gunnar Andersson suka nuna cewa matsin yana raguwa in aka kwantar da majingini zuwa digiri 110, aka kuma sa ɗan tudu a daidai kwankwaso. Wani awo da Hans-Joachim Wilke ya yi a Jamus a 1999 ya rage wa maganar farko kaifi, domin bai ga bambanci mai yawa tsakanin zama da tsayuwa ba. Abin da ya ƙarfafa shi ne sauya zama a kai a kai. Ke nan kujerar kirki ita ce wadda ke barin mai zama ya motsa, ba wadda ta fi taushin soso ba.

To, a nan ne aikin maƙeri yake. Kwantar da majingini ba wuya. Wuyar ita ce inda za a sa mahaɗin da yake juyawa a kai. Jikin mutum daga gaɓar ƙugu yake tanƙwarawa. In aka sa mahaɗin can ƙasa a bayan mazauni, kamar yadda yawancin masu walda ke yi don sauƙi, to majingini da bayan mutum kowa hanyarsa daban. Yana kishingiɗa sai majingini ya goge bayansa, ya ja masa riga sama, tudun kwankwason ya bar inda ake bukatarsa. Mai babbar riga ya fi kowa sanin wannan. Maganinsa shi ne a matso da mahaɗin gefe da gefe, kusa da gaɓar ƙugun mai zama.

Sa'an nan akwai mazauni. In ya tsaya cik, mutum sai ya zame gaba sa'ad da ya kwanta baya. In kuwa ya ɗaga daidai da majingini, sai ƙafafu su bar ƙasa, bakin kujera ya danne jijiyoyin cinya. Dabarar da kamfanonin Turai suka yaɗa tun wajen 1980 ita ce a haɗa su biyun da sandunan ƙarfe, yadda in majingini ya yi baya digiri 2, mazauni ya ɗaga digiri 1 kacal. Sifirin da ke ƙarƙashi shi ke tare nauyin, kuma dole ya kasance da abin murɗawa, domin siririn ɗalibi da ƙaton darakta ba ƙarfi ɗaya suke tura shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wannan sai injin Turawa. Kujerar da kamfanin William Morris ya fara sayarwa a Ingila wajen 1866 ba ta da sifirin ko ɗaya: sanda ce a baya, da tsagogi a hannuwan kujera, a cire ta daga wannan tsaga a mayar waccan. Kamfanin La-Z-Boy na Amurka kuwa da kujerar katako ta shan iska ya fara a 1928. Wannan dabara ta tsaga ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce a jikin kujerar nan mai naɗewa, ta katako da tamfol, wadda dattawa kan kishingiɗa a kai a ƙofar gida da la'asar. Aibinta ɗaya ne: tamfol yakan lotsa, baya ya zama kamar baka, ba abin da ke tare kwankwaso. Ɗan matashi mai kaurin inci 2 da aka ɗaura a daidai wurin ya isa ya gyara wannan.

Kujerun ofis da ake shigowa da su daga waje kuwa, masu araha daga cikinsu ba su cika jure wa zafi da ƙurar hunturu ba. Bututun iskar da ke ɗaga mazauni yakan saki, mutum ya ga yana nitsewa sannu a hankali har haɓarsa ta kusa tebur. Ƙafafun roba su tsage. Tayoyi su cushe da yashi. Daga nan sai a tura ta sito, ko a yi mata walda ta daina motsi gaba ɗaya, watau a kashe abin da aka saye ta dominsa. Ƙarfe mai zare, irin na jakin mota, yana ɗaga mazauni ba tare da iska ba, kuma kowane mai walda na iya gyara shi. Abin da ba a ragewa shi ne ƙafafu biyar, domin mai huɗu tana saurin kifewa in an kwanta baya.

A ganina wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban injiniya na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Su auna tsawon ƙafa da cinya na mutanen nan yankin, maza da mata, su zana kujera a kan wannan awo, su ba kafintoci da masu walda na gari zanen. Masu sayen kayan ofis kuma su riƙa rubuta awo cikin takardar kwangila, ba launi da laushi kaɗai ba.

Kafin nan, mai kujera na iya gwada tasa yau. Ya zauna har ƙugunsa ya taɓa majingini. Tafin ƙafarsa ya kwanta a ƙasa sosai. In bai kai ba ya sa katako ya taka. Ya ga ko yatsu biyu ko uku za su shiga tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa. In hannunsa na shigewa sakayau tsakanin kwankwaso da majingini, ya naɗe tawul ya cusa a wurin, ya kuma riƙa miƙewa ya ɗan taka bayan kowane rabin sa'a.