Hannun Ɗan Dabo da Na'urar Zamani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fage a Damagaram lokacin shagulgulan Salla ya san cewa a cikin ma'abota wasanni, tun daga 'yan tauri da gardawa masu macizai har zuwa mahautan da ke hawan ƙaho, babu wanda sana'arsa ta rataya ga saurin hannu da sanin halin ɗan Adam kamar ɗan dabo. Ba shi da labule, ba shi da rufin da zai ɓoye igiya, jama'a sun kewaye shi gaba da baya da rana tsaka, yara kuwa har leƙen hannun rigarsa suke yi.

Sai ya ɗauki dala da hannun dama ya nuna wa kowa, ya yi kamar ya sa ta a tafin hagu ya dunƙule, alhali tana nan maƙale tsakanin yatsun dama. Sa'an nan ya ƙura wa dunƙulen hagun ido, domin ya san inda mai wasa ya duba nan 'yan kallo ke dubawa. Ya ce da wani yaro, "Matso, ɗan samari, hura mini nan." Makaɗi ya doka ganga, jama'a su fashe da dariya, a cikin wannan dariyar kuwa dala ta riga ta shige aljihu. Ba a samun wannan sai da shekaru na yi da maimaitawa a gaban ubangida.

Kada a zaci haɗa dabo da kayan aiki bidi'ar zamani ce. Wasu malaman tafsiri, kamar Jassas, sun ambata cewa matsafan Fir'auna zaiba suka ɗura wa igiyoyinsu da sandunansu, da zafi ya taɓa su sai suka riƙa motsi. A 1856 kuma, shekara 43 kafin Faransawa su ci Damagaram, gwamnatinsu ta aika da ɗan dabo Robert-Houdin zuwa Aljeriya don ya karya kwarjinin shaihunan da ake jingina wa karamomi. Ya ajiye ƙaramin akwati mai gindin ƙarfe, ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga shi cikin sauƙi, sa'an nan ya ce ya zare masa ƙarfi. Mutumin ya yi ta nishi, akwati ko gezau, saboda mayen ƙarfe mai aiki da lantarki da aka ɓoye ƙarƙashin dandamali. Amma fa Houdin, wanda asalinsa mai gyaran agogo ne, ya daɗe da ƙwarewa a fage kafin nan, kuma lafazinsa da tsayuwarsa ne suka mayar da waya da ƙarfe abin firgici.

A yau masu wasan faɗin abin da ke zuciyar mutum suna sayen allon rubutu da ke aika abin da aka rubuta zuwa wayar salula, da 'yar na'urar da ke girgiza a jikin mai wasa don ta sanar da shi abin da aka zaɓa. Ni a ganina aibin waɗannan a fili yake: duk mai kuɗi yana iya mallakarsu, batir yana mutuwa, kuma ɗan kallon da ke riƙe da waya a hannunsa, da zarar ya ga abin mamaki, na'ura zai fara tuhuma. Gwani na dauri kuwa takardun tambayoyin jama'a kawai yake karɓa a nannaɗe, ya riga ya haɗa baki da mutum guda a cikin taron. Sai ya ɗaga takardar wani ya faɗi tambayar abokin sirrinsa, ya buɗe wai don tabbatarwa, alhali tambaya ta gaba yake karantawa, ya yi ta tafiya haka yana gabansu da taki ɗaya har takardu su ƙare.

Inda abin yake zama fitina shi ne idan wasa ya tuɓe rigarsa ya sa rawani, mai shi ya yi da'awar sanin gaibu, wanda Allah kaɗai Ya keɓanta da shi, don cin dukiyar marasa lafiya. A 1986 a Amurka, wani mai wa'azin Kirista, Peter Popoff, ya kasance yana kiran sunayen mutane da cututtukansu yana cewa wahayi ne, har James Randi, wanda shi kansa tsohon ɗan dabo ne, ya zo da mai na'urar kama zangon rediyo, suka naɗi muryar matar Popoff tana karanto masa sunayen ta wata 'yar na'ura da ke cikin kunnensa, daga takardun roƙon addu'a da mutanen suka cike da hannunsu a bakin ƙofa.