Gano Matsalar Sitiyarin Jirgin Ruwa Mai Inji da Yadda Ake Gyara Ta

Manoman Namtari da sauran garuruwan Yola ta Kudu masu noma a fadamun Kogin Binuwai sun san cewa daga watan Agusta zuwa Oktoba akwai gonakin da ba a isa gare su sai ta ruwa. Ruwan damina da wanda ake sakowa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru sukan haɗu su cika kogin, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. A lokacin ne kuma ake gaggawar kwaso masara da shinkafar da ta nuna da wuri. Don haka jirgin ruwa kayan aikin gona ne, kuma yana buƙatar kulawa irin wadda ake yi wa injin ban-ruwa. Hatsarin jiragen da aka yi a tafkin Njuwa da kuma Gurin ta Ƙaramar Hukumar Fufore cikin watan Satumba na 2023, inda aka rasa rayuka, ya nuna irin haɗarin da ke kan ruwa a waɗannan watanni.

Yawancin kwale-kwalen yankin da hannun inji ake juya su. Wannan bayani ya shafi jiragen da ke da sitiyari a gaba, wanda kebur ke haɗa shi da injin da ke baya. Duk da haka, masu injin hannu za su amfana da bayanin wuyan inji da na farfela.

Yadda sitiyarin yake aiki

A ƙarƙashin sitiyari akwai ƙaramin akwatin giya. Daga nan kebur yake tashi, wato waya mai kauri cikin rigar roba, ya bi gefen jirgi zuwa baya. Ƙarshensa sandar ƙarfe ce mai sheƙi wadda ke ratsa bututun da inji ke lilo a kansa idan an ɗaga shi. Wani lanƙwasasshen ƙarfe kuma ya haɗa bakin sandar da injin. Idan kun juya sitiyari, wayar takan tura sandar ko ta janyo ta, sai injin ya juya a kan wuyansa. Tauri na iya fitowa daga kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare, amma a hannun matuƙi duk iri ɗaya ake jin sa. Wannan ne ya sa ake asarar kuɗi wajen sayen kebur alhali giris kawai wuyan inji yake nema.

Idan sitiyari ya yi tauri

Kada ku sayi komai, kada kuma ku ɗauki guduma, sai kun rarraba sassan kun gwada kowanne shi kaɗai. A yi aikin a gaɓa, inji a kashe.

Ku fara daga baya. A kwance notin da ya haɗa lanƙwasasshen ƙarfen da inji, sannan a kama injin da hannu a juya shi dama da hagu. Lafiyayyen inji yakan juya ba tare da an yi kokawa da shi ba. Idan ya cije, matsalar tana wuyansa. A nemi 'yan kawunan da ake ɗura giris a jikin wuyan, a goge su, a ɗura da famfon giris ana juya injin har sai tsohon giris ya fito sabo ya biyo baya. A injin hannu akwai kuma wani noti na daidaita taurin juyawa. A duba ko an ɗaure shi fiye da kima.

Idan inji ya juya sumul, ku koma ku juya sitiyari alhali injin yana kwance daga sandar. In har yanzu da tauri, a kwance babban notin da ya riƙe kebur a bakin bututu, a zare sandar waje. A nan ne aka fi samun matsala a ƙasarmu. Ruwan Binuwai ba na gishiri ba ne, saboda haka tsatsa ba ta cin ƙarfe da sauri kamar a bakin teku. Abin da ke damun mu shi ne ƙurar hunturu da yashin kogi, waɗanda ke cakuɗewa da tsohon giris su daskare cikin bututun yayin da jirgi ke ajiye da rani. Idan sandar ta ƙi fita, a zuba mata kananzir ko man kwance tsatsa, a bar ta ta kwana. In ya zama dole a buga, a sa katako tsakanin guduma da ƙarfen, a buga a hankali. Bugun ƙarfe da ƙarfe yakan buɗe bakin sandar kamar kan tsohuwar ƙusa, daga nan ba za ta ƙara ratsa bututun ba. Bayan ta fita, a wanke cikin bututun da burushin waya da tsumma mai kananzir har ya yi fes, a goge sandar, a shafa mata giris mara jin ruwa kaɗan. Baƙin man inji bai dace da wannan wuri ba, domin ruwa yana wanke shi, kuma yana jan ƙura.

Idan sandar tana waje amma sitiyari bai saki ba, saura kebur da akwatin giya. A cire kebur daga akwatin a juya sitiyari shi kaɗai. In ya yi ƙara ko yana tsallake haƙora, akwatin ya ci, sai a canza shi. In kuwa ya juya lafiya, kebur ne ya mutu.

Kebur ba ya gyaruwa

Wannan magana tana da nauyi ga aljihun manomi, amma gaskiya ce. Kebur ɗin da rigarsa ta tsage, ko ta kumbura, ko jan ruwan tsatsa ke fitowa daga cikinta, ruwa ya riga ya shiga wayar. Zafin Yola, wanda kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, yana busar da robar da aka bari a rana. Wasu sukan ɗura mai, ya saki na 'yan kwanaki. Amma siraran wayoyin ciki sun riga sun fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ragowar za su yanke ne a lokacin da aka fi matsa musu, wato jirgi cike da buhuna yana yanka igiyar ruwa. Haka nan ba a yi wa sandar walda.

Wajen saye, ku tafi da tsohon. Da ƙafa ake auna tsawon kebur, kuma akan buga lambarsa a jikin robar kusa da ƙarshe. A yawancinsu alƙaluma biyu na ƙarshe su ne tsawon. Wajen ɗaurawa, kada a karya shi a kwana. Kowane lanƙwaso ya zama mai faɗi, kamar da'irar da faɗinta bai gaza inci 16 ba, kuma kada a bi da shi inda ake jibge buhunan taki. Notocin lanƙwasasshen ƙarfen nan masu roba ne a ciki, don kada girgizar inji ta kwance su. Kada a musanya su da notin babur ko a ɗaure wurin da waya. Idan an gama, a gwada tun a gaɓa: an juya sitiyari dama, farfela ta karkata dama ga mai fuskantar gaban jirgi. A sake gwadawa inji yana ɗage.

Wasa da jan gefe ɗaya

Idan sitiyari yana wasa kafin inji ya motsa, mutum ɗaya ya riƙe injin, wani ya girgiza sitiyari, a bi da ido a ga inda wasan yake. Sau da yawa noti ne ya saki.

Jirgin da ke jan gefe ɗaya idan an ba shi wuta kuwa, galibi ba laifin kebur ba ne. A duba farfela tukuna, domin idan ruwa ya ja baya akan yawaita karo da tudun yashi. In lafiyarta ƙalau, akwai ɗan fiffike a samanta mai noti ɗaya. A sassauta shi, a karkatar da wutsiyarsa kaɗan zuwa gefen da jirgin ke ja, a ɗaure, a gwada.

Ajiya da shiri

Idan za a ajiye jirgi da rani, a juya sitiyari har sandar ta shige cikin bututu, a rufe wurin da buhu, a riƙa juya shi ko da sau ɗaya a mako. Ya kamata malaman gona su tuna wa ƙungiyoyin manoma su yi binciken nan a watan Mayu ko Yuni, domin in ba a sami kebur a Jimeta ba a sami lokacin yin saƙonsa kafin kogi ya cika.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa. Bayan wannan, kada jirgi ya tashi babu filafili da gora da igiya. Idan sitiyari ya yanke a tsakiyar ruwa, ku rage wuta nan take, ku cire giya, kowa ya zauna inda yake. A kwance lanƙwasasshen ƙarfen, a ɗaure filafili tam a jikin inji ya zama hannu, a lallaɓa da ƙaramar wuta zuwa gaɓa mafi kusa.