Gaɓa Mai Zafi Da Kumburi Ba Ta Mai Ɗori Ba Ce

A ƙauyukan Sundimina da na Gwaram, yaro ya wayi gari yana ɗingishi ba abin tashin hankali ba ne. Wanda ke wuni yana hawan bishiya, yana bin awaki, yana buga ƙwallo ba takalmi, dole wata rana ya yi targaɗe. Uwa takan gasa wurin da ruwan ɗumi, ta shafa man zafi, in abin ya ƙi a kai shi wajen mai ɗori, sau da yawa kuma a dace. Sai dai akwai ɗingishin da ba faɗuwa ce ta kawo shi ba. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga cikin gaɓa su tara mugunya, kuma duk kwanan da yaro ya ƙara a gida, wani abu ne ke lalacewa a ƙafar wanda ba zai dawo ba.

Gaɓa, gwiwa ce ko ƙugu ko kafaɗa, rufaffen wuri ne mai ɗan ruwa mai yauƙi, kan ƙasusuwan kuma lulluɓe yake da guringuntsi don kada su goge juna. Galibi ta jini ƙwayar cutar ke isa can. Wadda ta fi yin wannan ɓarna ita ce Sitafilokokus, ita ce dai mai haddasa maruru. Ƙofar shigarta kan zama abin da ba a ɗauka bakin komai ba: ƙurjin da aka matse, ƙazuwar da aka sosa har ta yi ruwa, ƙayar da ta soki gwiwa a gona, allurar da aka yi ba tsabta, ko cibiyar jaririn da ta ruɓe. Da zarar mugunya ta taru, sai ta shiga cin guringuntsin, kuma cikin 'yan kwanaki ta gama da shi. Guringuntsin gaɓa ba ya sake tofowa. A ƙugun ƙaramin yaro abin ya fi muni, domin matsin mugunyar na iya tare jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu, ƙafa ɗaya ta tashi gajeruwa. Idan ƙwayar ta bazu cikin jini kuwa, maganar ta wuce ta ƙafa, ta koma ta rai.

To, ta yaya za a bambanta shi da targaɗe? A shekarar 1999 wani likitan ƙashi a asibitin yara na Boston a Amurka, Mininder Kocher, da abokan aikinsa suka fitar da alamomi huɗu da likitoci ke dubawa har yau idan yaro ya zo da ciwon ƙugu. Biyu gwajin jini ne. Sauran biyun kuwa uwa tana ganinsu daga kan tabarmarta: zazzaɓi mai zafi, da yaron da ya ƙi taka ƙafar sam. Mai targaɗe yakan lallaɓa ya taka, ya ci tuwonsa, har ya nemi fita wasa. Wannan kuwa yana kwance, ya lanƙwashe ƙafar ya karkatar da ita waje, ko tabarmar aka ja sai ya tsala ihu. Idan gwiwa ce, za a ga ta kumbura tana sheƙi, in an ɗora bayan hannu a ji ta fi ɗayar zafi.

Jarirai su ne abin tausayi. Wani ma ba ya zazzaɓi. Abin da za a lura da shi kawai shi ne ya daina motsa ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya, yana callara kuka duk sanda aka buɗa cinyoyinsa wajen wanka ko za a goya shi, nonon ma ba ya kamawa sosai. Nan ne ake cewa shan inna ne, ko iska ce ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi da rubutu har sati ya wuce. Neman tsari ba laifi ba ne, amma a yi shi a kan hanyar asibiti.

Masu sikila na cikin haɗari ninki biyu. Ana ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a Najeriya, jikinsu bai da ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta, sannan iyayensu sun saba da ciwon ƙashi, sai su ɗauka ciwon da aka saba ne ya motsa. Gaɓa guda da ta kumbura, ga zazzaɓi, ga maganin da aka saba sha bai taɓa ta ba, ta isa a tafi asibiti a ranar.

Manya ma ba su tsira ba, musamman tsofaffi, masu ciwon suga, masu cutar ƙanjamau, da waɗanda dama ke fama da sanyin ƙashi. Ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa shi ma yana sauka a gaɓa, kuma kunya kan sa matashi ya ɓoye wa likita asalin labarin. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wanda ke ɗaukar watanni: na tarin fuka, da na ƙwayar cutar da ake samu a madarar da ba a tafasa ba, abin da ya kamata makiyayan yankin su sani.

A asibiti, hoton ƙashi kaɗai ba ya wadatarwa, don a kwanakin farko yakan fito lafiya lau. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin jini da sikanin, sannan babban gwajin shi ne a zuƙo ruwan gaɓar da sirinji a duba. Iyaye da yawa kan tsorata a nan, wai za a zuƙe wa yaro ruwan gwiwa ya gurgunce. Ruwan da ake zuƙowa gurɓatacce ne, jiki kuma yana samar da sabo. Daga shi ake gane irin ƙwayar da maganin da zai kashe ta. Magani kashi biyu ne, ɗaya ba ya wadatar ba ɗaya: a fitar da mugunyar, ko da allura ko da tiyata a wanke gaɓar, wanda galibi shi ake yi wa ƙugu, sannan a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya na wasu kwanaki, a ci gaba da na sha na makonni. Bayan nan sai gashi da motsa gaɓar don kada ta sandare. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ita ce babban asibiti mafi kusa da mutanen wannan yanki, waɗanda lamarinsu ya tsananta kuma akan tura su Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959.

Kura-kurai uku ne ke yawan ɓata lamarin. A sayi kafso huɗu a kemis, zazzaɓi ya ɗan lafa, mugunya na nan a rufe, gwajin asibiti kuma ya kasa gano ƙwayar. A yi tsaga ko ƙaho ko sakiya, a ƙara wa gaɓar sabbin ƙwayoyi. Ko a bar magani da zarar yaro ya fara takawa, ciwon ya dawo ya shiga ƙashi. Kuɗin asibiti nauyi ne, ba a musu, amma bai kai na tiyatar gyaran ƙugun da ya riga ya lalace ba.

Rigakafi ma yana da nasa amfani. Allurar Penta da Najeriya ta fara bai wa jarirai a 2012 tana kare su daga wata ƙwayar da a da take kan gaba wajen shiga gaɓoɓin ƙananan yara.

Masu ɗori da masu kemis su ne ke fara ganin waɗannan yara, kuma mutane na jin maganarsu fiye da ta kowa. Idan aka kawo muku gaɓa mai zafi da kumburi, ga zazzaɓi, babu labarin wata faɗuwa ta kirki, don Allah kada ku ja, kada ku ɗaure, kada ku ba da kafso. Ku ce a wuce asibiti a ranar, ko da dare ne.