Yadda ake zaɓen ma'auni, zamani da wuri wajen haɗa ƙaramin layin dogo na ado

Masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na ado kan fara auna ɗaki, domin fili ne ke tantance ma'auni. A ma'aunin HO ana rage girman jirgi sau 87, a N kuwa sau 160, wanda ya fi dacewa da ƙaramin ɗaki.

Zamani da wuri ma dole su jitu. Mai kwaikwayon layin Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, dogon HO mai faɗin milimita 16.5 ya dace da shi. Mai son Kano a zamanin jirgin kwal kuwa zai nemi mai milimita 12, domin tsohon layin bai kai sabon faɗi ba.

Kuskure a nan asarar kuɗi ne, tunda jirgi ba ya hawa dogon da ba nasa ba.