Okomfo Anokye a hannun masu sassaƙa

Duk ɗan Zangon Kumasi da ya taɓa zuwa dubiya asibitin Komfo Anokye ya san mutum-mutumin da ke shataletalen wajen: boka Okomfo Anokye riƙe da Kujerar Zinariya. Asantawa sun ce shi ya sauko wa Sarki Osei Tutu da ita daga sama, wajejen 1700.

Babu hoton Anokye na zamaninsa, saboda haka fuskar ƙiyasin mai sassaƙa ce. Haka Girkawa suka ƙaga wa Zeus da Apollo kamanni, ɗaliban Turai kuma suka ɗauki ƙarnoni suna kwaikwayon gumakan da fensir don sanin ƙirar jiki da inuwa.

A Kumasi ma ana koyar da zane: makarantar zane ta Achimota ta koma can a 1952, yanzu tana cikin jami'ar KNUST.